Tambayoyin Masu Karatu: Ɗan Jaridar Fagen Daga da Gidan da Ya Bari

Wasiƙun wannan wata sun zo ne daga 'yan jaridar da ke bin labarin yaƙi a Sahara da gefenta, da kuma iyalansu. Mun sakaya sunaye, mun rage tsawon wasiƙun. Amsoshin mun haɗa su ne tare da editocin da suka daɗe suna tura wakilai irin waɗannan wurare, da likitan ƙwaƙwalwa, da malamin fiƙihu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ƙuruciyata ta ƙare a bin labarin tawaye da yaƙi: Agadas, arewacin Mali, Diffa, har iyakar Chadi da Darfur. Duk sanda aka kira ni sai in saɓi jaka, in ce wa uwargida wannan ce ta ƙarshe. Bara ta nemi khul'i, alƙali ya raba mu, ta koma gidan iyayenta da yara. Har yanzu ba ta yi aure ba. Ni kuwa ba na barci, ƙarar salansar babur tana sa ni zabura, ko sunana na ji a rediyo ba ya faranta mini rai. Gani nake na sayar da gidana saboda rahoton minti uku, ga shi da-na-sani ƙeya ce. In ajiye aikin? Kuma akwai hanyar da zan dawo da ita? Daga wani tsohon wakili, Damagaram.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sanyaya maka zuciya. Abu uku ne suka cuɗe a wasiƙarka: ciwo, aure da aiki. In ka tunkare su a dunƙule, za ka yanke hukunci kan aure da aiki da kan da bai samu barci ba. Fara da ciwon.

Rashin barci, zabura da ƙara, mugun mafarki, gudun duk abin da ke tuno maka da wurin, da mutuwar jin daɗi: in waɗannan suka haura wata ɗaya bayan abin da mutum ya gani, likitoci suna ɗaukarsu a matsayin ciwon firgici mai biyo bayan tashin hankali. Ba raunin imani ba ne, kuma ba kai kaɗai ba ne. A 2002 wani likitan ƙwaƙwalwa na Jami'ar Toronto, Anthony Feinstein, ya wallafa binciken da ya yi kan 'yan jaridar yaƙi 140. Kashi 28.6 cikin ɗari sun taɓa fama da wannan ciwo, kashi 21.4 kuma da matsananciyar damuwa. Abin da ya fi ba mu tausayi a binciken shi ne, duk da wannan nauyi, ba su fi sauran 'yan jarida zuwa neman magani ba.

Je ka sashen kula da ƙwaƙwalwa na babban asibitin da ke kusa da kai. Masu karatu na Najeriya suna da asibitocin tarayya na wannan fanni a Maiduguri, Kaduna da Kware kusa da Sakkwato. Maganin da ya fi aiki shi ne zaman tattaunawa da ƙwararre, inda ake bin abin da ya faru daki-daki har tuna shi ya daina jefa jiki cikin firgici. Yawanci zama 8 zuwa 12 ne, sau ɗaya a mako. In likita ya haɗa maka da ƙwaya, ka sani takan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ga amfaninta sosai, kuma ba a yanke ta rana ɗaya. A nan mutane da yawa suke faɗuwa: su sha kwana goma, su ce ba ta yi ba, su watsar. Kada ka sayi ƙwayar barci irin diazepam a kemis da kanka, balle tramadol. Suna kwantar da kai daren farko, sannan jiki ya saba, ka wayi gari da ciwo biyu. Shayin nan mai zagaye uku da aka saba da shi a hanya, ka tsayar da shi daga la'asar. Addu'a da karatun Alƙur'ani ka riƙe su da kyau, tare da maganin.

Sai auren. Khul'i saki ne yankakke, babu kome a cikinsa. In ba shi ne ya cika saki na uku ba, kuna iya sabon aure da sabon sadaki, da waliyyi, da shaidu, da yardarta. Yardar nan ita ce aikin. Matar da ta ji "wannan ce ta ƙarshe" shekara da shekaru ba za ta karɓi sabon alkawari na baki ba, kuma tana da gaskiya. A ganinmu wannan jimlar ta fi yaƙin kansa rushe gidan, domin mace tana iya jure tafiyar da ta san ranar ƙarewarta, amma da wuya ta jure wadda kullum ake ce mata ta ƙare alhali ba ta ƙare ba.

Saboda haka bar aiki ya yi magana. Ka tsayar da rana ɗaya a wata ta aika kuɗin ciyar da yara da na makaranta, kada ta taɓa gocewa, kuma kada ka taɓa haɗa ta da maganar dawowa. Ka tsayar da ranar ganin yara, ka zo a kan lokaci. Ka yi haka wata shida aƙalla, kana shan magani. Bayan nan ka tura dattijo ɗaya wanda ita take ganin girmansa, ya kai saƙo sau ɗaya, tare da abin da za a iya gani da ido, wato takardar da ke nuna an mayar da kai aikin ofis. In ka samu damar ba ta haƙuri, ka ambaci abubuwan da sunansu: sunan da aka yi ba ka nan, jinyar da ta yi ita kaɗai, sallar da aka ci babu kai. Abubuwan da ke ɓata wannan hanya sanannu ne: kiran waya da tsakar dare, mayar da yara 'yan aike, zayyana mata gawarwakin da ka gani don ta tausaya, da tara manya su matsa wa mahaifinta. In ta ce a'a, ko ka ji an karɓi maganar wani, ka janye da mutunci. Yaran suna nan, kuma haƙƙinsu a kanka bai rataya da amsarta ba.

Aiki kuma, kada ka rubuta takardar ajiyewa yanzu. Nemi hutun mako huɗu zuwa shida da takardar likita, sannan ka nemi a mayar da kai tebur na wata uku a matsayin gwaji. Makonnin farko za ka ji ofis ya yi maka lami, jikinka yana neman tashin hankalin da ya saba da shi. A daidai wannan lokaci ne waya kan yi ƙara a ce wani gari ya faɗi, mutum ya sake saɓar jaka. Rubuta wa editanka tun yanzu cewa kada a kira ka aikin fili a wannan tsakani. Mutumin da ya san hanyar Arlit, ya san wane direba ne abin yarda, ya san yadda ake magana a shingen bincike, shi ake buƙata ya tsara tafiyar ƙananan wakilai. Rahotannin da ka aiko sun sa an ji muryar mutanen da ba wanda ya san da su, kuma wannan bai zama banza ba don gida ya rabu.

TAMBAYA: Maigidana wakilin wata kafar labarai ne, yana yawan shiga yankin Tafkin Chadi da arewa da can. Sai in yi kwana uku ban ji shi ba, sai a Facebook nake ganin an kai hari. In na ɗauko maganar shiri sai ya ce ina yi masa mugun fata. Me ya kamata in nema kafin ya tafi? Daga wata uwargida, Maiduguri.

AMSA: 'Yar'uwa, abin da kike nema haƙƙinki ne, kuma duk editan kirki zai goyi bayanki. Shirun waya abu ne da dole a sa shi cikin lissafi. Ke kanki kin san a 2013 an katse layukan waya a Borno bayan dokar ta-ɓaci, sojoji kuma suka hana amfani da wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya, an kuma katse layuka a Zamfara a Satumbar 2021. A cikin hamada kuwa babu layin tun asali. Tunda shiru zai zo, sai a tsara yadda za a gane shirun lafiya da shirun matsala.

Ya bar miki takarda shafi ɗaya, kwafinta kuma a ofis: hanyar da zai bi, inda zai kwana kowane dare, sunan direba da lambarsa, lambar mota, wanda zai gani, da mutum biyu a ofis da za a kira kowane lokaci. A tsayar da lokaci biyu a rana na aiko saƙo, misali bayan asuba da bayan magariba. Kalma ɗaya ta isa. In ya san zai shiga inda babu layi, ya faɗi tun kafin ya shiga, ya faɗi ranar fitowa da sa'ar. Ku kuma ajiye wata kalma ta sirri da ba za ta ja hankalin kowa ba, wadda in ya faɗe ta kin san yana magana ne a hannun wasu.

In lokacin saƙo ya wuce da awa biyu, a kira shi, a kira direba. In lokaci na biyu ya wuce, ofis ya fara neman wanda ya gan su na ƙarshe, ya sanar da hukuma. Ke kuma kada ki rubuta komai a Facebook ko WhatsApp, ki roƙi dangi su ma su kame. Sanarwar gaggawa tana gaya wa masu garkuwa darajar wanda ke hannunsu, tana kuma jawo 'yan damfara su kira suna cewa yana wurinsu. Maganin 'yan damfara shi ne tambayoyi uku da shi kaɗai ya san amsarsu, waɗanda ba a samu a intanet, kamar sunan da kakarsa take kiransa da shi. A rubuta, a rufe a ambulan, ke ki riƙe ɗaya, ofis ɗaya. A haɗa da rukunin jininsa, magungunan da yake sha da kwafin fasfo. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya tana da layin musamman da iyali ko ofis kan kira in ɗan jarida ya ɓace ko aka tsare shi a wurin rikici. A nemi lambar kafin tafiya.

Kuɗi: ya bar abin da zai riƙe gida wata uku, a asusun da ke da sunanki, ko ya ba banki umarnin tura miki kowane wata. Rubuta sunanki a matsayin makusanciya a takardar banki ba ya ba ki ikon cire ko kwabo. In mutum ya rasu, banki yana rufe asusun har sai an kawo takardar kotu, wannan kuwa yakan ɗauki watanni. Ya tambayi ofis a rubuce game da inshora. Dokar fansho ta Najeriya ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta tanadi diyyar rauni a bakin aiki. Amma inshora da yawa tana cire mutuwa ta sanadin yaƙi ko ta'addanci. Wannan layin shi za a nema a karanta.

Maganar mugun fata kuwa, ki tuna masa da hadisin Abdullahi ɗan Umar da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa bai kamata Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba face wasiyyarsa tana rubuce. Ya rubuta bashin da ake bin sa da wanda yake bi. Ki kuma tuna masa cewa Sayyidina Umar ya tambayi 'yarsa Hafsa tsawon lokacin da mace ke iya haƙurin rashin miji, sannan ya iyakance zaman mayaƙa a wata huɗu, a wata ruwayar shida. In an yi wa mayaƙi iyaka, mai ɗauko labari ya fi cancanta. Ku yanke adadin tafiye-tafiye a shekara da tsawon kowace, ya kai wa editansa.

Allah ya kiyaye, in miji ya ɓace babu labari, a mazhabar Malikiyya mace tana kai ƙara gaban alƙali, a bincika, a ɗiba mata shekara huɗu ana ciyar da ita daga dukiyarsa, sannan ta yi takaba ta wata huɗu da kwana goma. In babu abin ciyarwa, tana iya neman rabuwa ba sai ta jira wannan wa'adi ba. Wanda aka san yana raye a tsare hukuncinsa daban ne, sai a zauna da alƙali.

Ranar da ya dawo, a rage masa baƙi na kwana biyu ko uku, kada a matsa masa da tambaya. Amma in fushi, zabura da rashin barci suka haura wata, ki karanta masa amsar da ke sama.

TAMBAYA: Ni matashi ne mai zaman kansa, ana biya na kan kowane rahoto. Bikina saura wata biyu, lefe bai cika ba. Wata kafa ta waje ta ce in bi hanyar hamada bayan Agadas in ɗauko labarin matafiya, in da hali kuma in yi hira da wani kwamandan masu ɗauke da makamai ta hannun wani ɗan tsakani. Sai na kawo za a biya. Amarya ba ta sani ba. In je? Daga wani ango mai jiran gado, Maraɗi.

AMSA: Ƙanenmu, hirar kwamandan nan ka bar ta. Ghislaine Dupont da Claude Verlon na RFI ƙwararru ne da suka daɗe a aikin. Ranar 2 ga Nuwambar 2013 an sace su a Kidal, arewacin Mali, suna fitowa daga hira da wani jigon 'yan tawayen Abzinawa na MNLA, aka tsinci gawarsu a wajen gari a ranar. Don tunawa da su Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2 ga Nuwamba a matsayin ranar neman a daina ƙyale masu aikata laifi kan 'yan jarida babu hukunci. Olivier Dubois, ɗan jaridar Faransa, ya je Gao da ke Mali ne don hira da wani kwamanda, aka sace shi ranar 8 ga Afrilun 2021, bai samu kansa ba sai 20 ga Maris 2023, bayan kwana 711. Haɗarin alƙawarin hira shi ne ɗaya ɓangaren ya san wuri, ya san lokaci, ya san kai kaɗai ne, kai kuwa ɗan tsakani kawai ka sani.

Ko ka dawo lafiya, akwai hukuma. An tsare Moussa Kaka, wakilin RFI, a Nijar daga Satumbar 2007 zuwa Oktobar 2008 saboda hulɗar waya da 'yan tawayen Abzinawa na MNJ. Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI, an kama shi a Marwa a Yulin 2015, kotun soja ta Kamaru ta yanke masa shekara goma a 2017, sai a Disambar shekarar ya fito bayan ɗaukaka ƙara. Waɗannan suna da babbar kafa a bayansu. Kai wa zai tsaya maka?

Labarin matafiya kuwa ana iya yin sa, in kafar ta amsa waɗannan a rubuce: wa zai biya inshorar da ta haɗa da yankin yaƙi da ɗauko mara lafiya, nawa za a ba ka kafin ka tashi, wanda ya isa mota, mai, direba da jagora, nawa za a biya in hanya ta ƙi ka juyo babu rahoto, da sunan editan da zai ɗaga waya da tsakar dare. Tambaya ta uku ita ce mai ceton rai, domin wanda ya san ba za a biya shi ba sai ya kawo, shi ne yake wuce shingen da ya kamata ya juya. In suka ƙi amsawa, ka samu amsarka. Gidauniyar Rory Peck da ke Landan tana tallafa wa masu zaman kansu su samu horon tsaro da taimakon gaggawa, ka neme ta. Ka samu izini a rubuce daga hukumomin da abin ya shafa, ka bi ayarin da sojoji ke rakiya inda aka ce sai da shi. Ka tuna kuma shiga motar sojoji yana mayar da kai abin hari tare da su, kada ka sa tufafi mai kama da kaki.

Hamada da kanta tana kisa ba tare da bindiga ba. A Oktobar 2013 an tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit, akasarinsu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace a hanyar Aljeriya. Lissafin ruwa a lokacin zafi lita 8 ne ga kowane mutum a rana, na kwanakin tafiya da ƙarin kwana uku. Mutum huɗu a tafiyar kwana uku, lita 192 ke nan, kusan jarka goma masu lita 20, ban da jarkar lagireto. A raba ruwan jarka-jarka, domin tanki ɗaya in ya tsage an gama. Mota biyu ake tafiya da su, kowace da safayar taya biyu, famfon iska, shebur, farantan fitar da mota daga yashi, fanbel, baƙin mai da matatar mai. A yashi mai laushi ana rage iskar taya zuwa wajen rabi, a mayar in an hau tsandauri, in ba haka ba taya ta yi zafi ta fashe. Shan mai a irin wannan yashi yakan kusan ninkawa, a yi lissafi da haka. In mota ta mutu, kada kowa ya bar ta. A yi rumfa, a kwanta da rana, a yi gyara da sanyin safiya. Daga nesa ana hango mota, ba a hango mutum.

Duba fitsarinka: in ya yi kaɗan ya yi ja, ruwa ya yi ƙaranci. Haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin, ka sha. Wanda ya fara surutai ko tangaɗi ga jiki zafi rau, zafin rana ya buge shi: a kai shi inuwa, a jiƙa shi, a yi masa fifita, kada a ɗura masa ruwa in hankalinsa ya gushe. Ka riƙe maɗaurin tsayar da jini a jikinka, ba a cikin jaka ba. Ana ɗaura shi santimita 5 zuwa 7 sama da rauni a hannu ko ƙafa, ban da kan gaɓa, a murɗa har jini ya tsaya, a rubuta lokaci, kada a sassauta sai a asibiti. Rigar kariya mai laushi tana tare ɓarɓashin bam da harsashin ƙaramar bindiga, ba ta tare na AK-47 sai da faranti a ciki. A yi allurar sanƙarau da ta shawara. In tafiyar ta faɗo Disamba ko Janairu, ɗauki bargo, daren hamada yana da sanyi mai shiga ƙashi.

Amarya kuma dole ta sani, ita da waliyyinta, kafin ka amsa wa kafar. Wanda ya fara ɓoye tafiya tun kafin a ɗaura aure, ɓoyewa za ta zame masa ɗabi'a. Ka sake karanta wasiƙar farko. Lefe ana iya rage shi, ana iya ɗaga ranar biki.

TAMBAYA: Ni mace ce, na ba talatin baya, na yi shekaru ina ɗauko rahoto daga sansanonin 'yan gudun hijira da garuruwan da aka kai wa hari. A gida ana ce mini aiki ya cinye aurena. Yanzu wani ya fito, amma ya ce sai na daina fita fili. Ina son sa, ina son aikina. Daga wata 'yar jarida, Kano.

AMSA: Ƙanwarmu, kada gorin gida ya sa ki amsa sharaɗin da ba ki fahimci iyakarsa ba. "Daina fita fili" yana iya nufin daina shiga inda ake harbi, yana iya nufin daina kwana a waje, yana iya nufin ajiye aikin baki ɗaya. Ki tambaye shi ɗaya bayan ɗaya, a gaban waliyyinki. Sau da yawa abin da ke cin namiji tsoron a kira shi a ce an kashe matarsa ne, wannan kuwa ana iya tattauna shi. In abin da ke damunsa jin muryarki a rediyo ne ko ganinki a talabijin, barin fili ba zai ƙosar da shi ba, gara ki sani yanzu.

Ki raba aikinki gida uku: inda ake fafatawa, inda rikici ya lafa kamar sansanoni da asibitoci, da aikin tebur. Mafi yawan labarin da mata 'yan jarida suka fi kowa samowa yana gida na biyu, domin matan da aka sace ko aka yi wa fyaɗe ba za su buɗe baki ga namiji ba. Kina iya barin na farko ki riƙe na biyu, da iyaka bayyananniya: misali kwana huɗu a tafiya, tafiya ɗaya a wata, da tawagar da aka sani, da masaukin da aka sani. A rubuta abin da aka yarda da shi, waliyyai su sa hannu. Malamai sun yi saɓani kan ƙarfin irin wannan sharaɗi a gaban alƙali, don haka ki tambayi malamin da ya san Malikiyya kafin ɗaurin aure. Ko ba komai, takardar tana hana musu ranar da aka ce ba haka aka yi ba.

In ciki ya samu, ki gaya wa likita irin wuraren da kike zuwa. Wasu magungunan da matafiya ke sha, kamar doxycycline, ba a ba mai ciki, zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin ruwa a jiki kuma sun fi yi mata illa. Ki janye daga doguwar hanya tun farko. Abin da muka fi ganin yana jawo nadama shi ne mace ta ce "to" da niyyar za ta lallashe shi daga baya, shi kuma ya ji "to" ɗin a matsayin magana ta ƙare.

TAMBAYA: Na je Adre a gabashin Chadi ɗauko labarin waɗanda suka gudo daga yaƙin Sudan. Na yi hira da wata baiwar Allah da aka kashe mijinta, muka shaƙu, na ce zan dawo in aure ta. Na dawo gida, rahoton ya fita, ni kuma na kasa komawa. Abin yana ci na. Daga wani mai ɗaukar hoto.

AMSA: Malam, ya kamata ya ci ka. Matar da ta tsere daga Darfur bayan ɓarkewar yaƙin Afrilun 2023, ba miji, ba gida, ba ta cikin halin da za ta auna maganarka yadda mace a gidan ubanta za ta auna. Kai ne mai mota, mai fasfo, mai kuɗi a aljihu. Shi ya sa ƙa'idar aikin ta hana neman wadda kake ɗaukar labarinta, kuma kada ka sake. Yanzu tana iya korar wani mai nema saboda tana jiranka.

Ka ba kanka mako biyu ka yanke. In da gaske kake, ka gaya wa iyalinka tukuna, ka tabbatar ta gama takaba, ka nemi waliyyinta ta hannun shugabannin al'ummarta a sansanin, ka tambayi hukumar 'yan gudun hijira abin da aure da ƙaura za su yi wa rajistarta da ta 'ya'yanta, ka kuma sanar da editanka ka cire hannunka daga labarinta. In ba za ka iya ba, ka aika mata da magana bayyananniya ta bakin dattijon da ta sani, cewa ka janye kuma laifin naka ne. Kada ka yi shiru, kada kuma ka riƙa aika kuɗi jefi-jefi babu bayani, domin za ta ɗauka alkawarin yana nan. Sannan ka duba hotunanta da ke hannunka: in fuskarta ko sunanta na iya jawo mata ko danginta da suka rage a Sudan wata fitina, ka nemi a sakaya su a duk inda aka wallafa.